Diyyar Gona a Arewacin Nijeriya: Daga Jawabin Lugga na 1903 Zuwa Rikicin Bakolori

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata ƙa'ida guda ɗaya da ta daɗe cikin dokokin ƙasa na Arewacin Nijeriya, a ga inda ta samo asali da kuma abin da ta jawo wa manoma. Ƙa'idar kuwa ita ce, idan hukuma ta bukaci gonar mutum ko filinsa domin wani aiki na amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta ko madatsar ruwa, to za ta biya shi diyyar abin da ke bisa ƙasar, watau gini da shuka da itatuwa, amma ƙasar ita kanta ba ta da kuɗi a idon doka. Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da wannan ƙa'ida, har muna ɗaukarta tamkar al'ada ce ta kaka da kakanni. Abin da nake so in nuna shi ne, an san shekarar da aka ƙirƙiro ta, an san waɗanda suka ƙirƙiro ta, kuma hujjar da suka kafa ta a kai ba ta da ƙarfin da suka yi zato.

Kafin mu shiga cikin maganar ya kamata mu tsaya a kan kalmar ƙasa ita kanta, domin rabin rikicin a cikinta yake. Bahaushe yakan ce ƙasa yana nufin turɓayar da yake takawa, yakan ce ƙasa yana nufin fili ko gona, yakan kuma ce ƙasa yana nufin yankin da wani sarki ke mulki, kamar ƙasar Kano ko ƙasar Zazzau. Idan aka ce ƙasa ta sarki ce, ma'ana ta uku ake nufi. Sarki shi ne mai ƙasa, amma mai gona shi ne wanda ya gaje ta ko ya sare ta ko ya saye ta. Talaka bai taɓa rikita waɗannan biyu ba. Za mu ga yadda doka ta rikita su.

Kafin zuwan Turawa

A ƙasashen da ke ƙarƙashin Daular Sakkwato, abu biyu ne suka haɗu suka tsara mallakar gona, watau al'adar Hausa da fiƙihun Malikiyya. A al'adance mutum yakan sami gona ta hanyar gado, ko ta saran daji da iznin dagaci ko mai unguwa, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko kuma saye a wuraren da jama'a suka yi yawa gonaki suka yi wuya, musamman karkarar Kano da ta Katsina. Akwai gandu da iyali ke nomawa tare, akwai gayauna ta ɗa ko ƙane. Gonar da aka bari ta huta, watau saura, tana nan ta mai ita muddin ba a tabbatar ya yi ƙaura ya rabu da ita ba. Itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da kaɗanya suna da nasu hukuncin, har akan sami gona ta wani, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani.

Ta fuskar shari'a kuwa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan wannan batu, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa, kamar raya ta da noma ko gini, ko shugaba ya yanka masa, da kuma hukuncin hurumi. Abin lura a nan shi ne, ikon shugaba na yanka fili ya shafi ƙasar da ba ta da mai ita. Wadda aka riga aka raya, ta shiga hukuncin dukiya.

Malaman Malikiyya ba su hana hukuma karɓar dukiyar mutum ba idan larura ta jama'a ta kama. Sun yarda a tilasta wa mai gida ya sayar idan masallacin Jumu'a ya yi wa mutane kaɗan, ko hanya ta ƙuntata, ko maƙabarta ta cika. Sukan kafa hujja da abin da Sayyidina Umar ya yi a shekara ta 17 bayan Hijira sa'ad da ya faɗaɗa Masallacin Makka, inda ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. Watau tilas ɗin a kan sayarwa yake, farashi kuwa wajibi ne. Wannan ciniki ne da aka tilasta, kuma a ciniki ba a raba gida da filin da yake kai.

Ba na nufin a ce zamanin sarakuna ba a yi ƙwace ba. An yi. Hakimai da bayin sarki sun ƙwace gonaki, an yi wa waɗanda aka yi fushi da su wasoso, an kori mutane daga ƙauyukansu. Amma duk wanda aka yi wa haka ya san zalunci aka yi masa, maƙwabtansa sun sani, malamin unguwa ma ya sani. Akwai bambanci babba tsakanin zaluncin da kowa ya san sunansa da wanda aka rubuta cikin doka aka ba shi lambar sashe.

Daga 1903 zuwa 1910

Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Kwana shida bayan haka, ranar 21 ga wata, Lugga ya tara manyan Sakkwato wajen naɗa sabon Sarkin Musulmi, Muhammadu Attahiru na biyu, ya yi musu jawabin da ya zama tushen duk abin da ya biyo baya. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi a zamanin Shehu, sun sami ikon mulki da karɓar haraji da naɗa sarakuna da tuɓe su, yanzu kuma an ci su da yaƙi, saboda haka duk waɗannan sun koma hannun Ingila. Ya ƙara da cewa haƙƙoƙin da Fulani suka samu a kan ƙasa su ma sun koma hannun Gwamnati, kuma idan Gwamnati ta bukaci fili za ta ɗauka domin kowace irin bukata.

Masu sauraro za su lura a nan ne ma'anonin nan biyu suka fara cuɗanya. Abin da masu jihadi suka karɓa daga sarakunan Haɓe shi ne mulki. Manomin Kura ko na Bakura bai rasa gonarsa a 1807 ba don an canja sarki, ɗansa ya gaje ta, alƙali kuma ya raba ta tsakanin magada. Lugga ya gaji mulki, amma ya ambace shi da lafazin da zai iya haɗiye gona.

Wanda ya mayar da lafazin nan doka shi ne magajinsa, Sir Percy Girouard, mutumin Kanada, injiniyan jirgin ƙasa, wanda ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909. An kawo shi ne musamman don ya shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano, kuma mai shimfiɗa dogo ba abin da yake ƙi kamar a tsaya ana cinikin fili da shi mil bayan mil. Bugu da ƙari, shi da wasu manyan jami'ansa, musamman Razdan C. L. Temple, sun sha karatun wani Ba'amurke mai suna Henry George, wanda ke ganin cewa ƙasa kyautar Allah ce ga jama'a duka, darajar da take ƙarawa ba aikin mai ita ba ne, don haka bai kamata wani mutum ɗaya ya ci ribarta ba. Abin da mutum ya cancanta, a wannan ra'ayi, shi ne ladan guminsa kawai, watau abin da ya gina ko ya shuka. Idan aka riƙe wannan jimla a zuci, za a gane dukan dokokin diyya na Arewa har zuwa yau.

A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don ya duba sha'anin ƙasa a Arewacin Nijeriya. A cikin 'yan kwamitin akwai Temple, akwai kuma Josiah Wedgwood, ɗan majalisar Ingila, wanda shi ma mabiyin Henry George ne. Jami'an mulki da 'yan kasuwa Turawa su ne suka ba da shaida. Kwamitin ya tsaya a kan cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, abin da suka sani shi ne haƙƙin amfani, kuma sayar da gona baƙon abu ne a wurinsu. Binciken da aka yi daga baya, alal misali na Polly Hill a Batagarawa da karkarar Kano, ya nuna cinikin gona abu ne sananne tsakanin manoma. Amma kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Dokar da ta fito a 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916, ta ce dukan ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta ya tafiyar da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Abin da mutum zai iya samu shi ne haƙƙin zama da amfani, Gwamna kuma yana iya soke wannan haƙƙi bisa dalili, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne Gwamnati ta bukaci wurin domin aikin jama'a. Diyya kuwa ta tsaya a kan gyaran da mutum ya yi wa wurin wanda amfaninsa bai ƙare ba.

Adalci ne a faɗi alherin wannan doka. Ta hana Turawa da kamfanoninsu sayen manyan filaye su mayar da mutane 'yan ƙodago a gonakin iyayensu, kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa aka kwaikwaye ta a Tanganyika a 1923. Sai dai garkuwar da ta kare manomi daga baƙo ba ta kare shi daga mai riƙe da garkuwar ba. Muddin Gwamnati ba ta bukatar komai sai filin bariki da tashar jirgi, yawancin talakawa ba su ji nauyinta ba, in ban da irin manoman Birom na Filato da aka haƙe gonakinsu domin kuza. Nauyin ya jira zamanin manyan ayyuka.

Abin da ya faru a Ikko

Don a ga cewa akwai wata hanyar da za a iya bi, sai mu leƙa Kudu kaɗan. A 1913 Gwamnati ta karɓi wani fili a Apapa, ta ce Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa ta Ikko, ba shi da komai a kai sai ikon kulawa, saboda haka abin da za a biya shi kaɗan ne. Ya kai ƙara, kotunan Nijeriya suka goyi bayan Gwamnati, ya ɗaukaka har Landan, Herbert Macaulay ya raka shi. A 1921 kotun ƙarshe ta daular Ingila ta yanke cewa miƙa Ikko ga Sarauniya a 1861 ya ba ta mulki, amma bai shafe haƙƙin jama'a a kan filayensu ba, don haka sai a biya cikakkiyar diyya a matsayin wanda ya miƙa mallakar jama'arsa. An biya fam 22,500.

Hujjar da wannan kotu ta karɓa ita ce ainihin wadda muka kawo a sama, watau mulki daban, mallaka daban. Manomin Arewa ba shi da ƙofar shiga da irin wannan ƙara, domin dokar 1910 ta riga ta amsa tambayar kafin a yi ta.

Dokar 1962 da ta 1978

Da aka sami mulkin kai, Majalisar Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar ƙasa a 1962. Wanda ya karanta ta zai ga tsohuwar ce aka sake wa riga. Ikon da ke hannun Gwamna Bature ya koma hannun Minista, aka raba haƙƙin zama gida biyu, na doka wanda ake ba da takarda a kansa, da na al'ada wanda galibin manoma ke kai ƙarƙashin kulawar En'e. Diyya ta ci gaba da zama ta gyaran da bai ƙare ba, tare da wani abu na ɗawainiyar tashi. Shugabannin wancan lokaci suna da dalilinsu na siyasa, domin dokar ta ba su ikon hana filayen Arewa komawa hannun waɗanda ba 'yan jihar ba. Amma ba a sake buɗe maganar ko gonar talaka tana da kuɗi ba.

A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe don ya duba sha'anin ƙasa a Nijeriya duka, saboda tsadar filaye a birane da wahalar da Gwamnati ke sha wajen samun wurin ayyuka a Kudu. Mafi yawan 'yan kwamitin ba su ba da shawarar a mayar da ƙasa hannun hukuma ba. Rahoton marasa rinjaye ne, na Farfesa R. K. Udo, ya karkata ga tsarin Arewa, kuma shi Gwamnati ta bi. Ranar 29 ga Maris 1978 aka fitar da Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta bisa amana. Ta haka ra'ayin da aka ƙulla a Landan a 1908 ya game Nijeriya bayan shekara 70.

Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin zama idan maslahar jama'a ta rinjaya. Sashe na 29 shi ne na diyya, kuma ya kamata a karanta shi a tsanake. A kan gini, za a biya kuɗin da zai sake gina irinsa, a cire abin da tsufa ya rage, a ƙara ruwa idan an yi jinkirin biya. A kan shuka, za a biya abin da jami'in da abin ya shafa ya ƙayyade. A kan ƙasar kanta kuwa, abin da za a ba mutum shi ne daidai kuɗin hayar da ya biya wa hukuma a shekarar da aka soke, in ya biya. Manomin da ya gaji gonarsa tun kakanni bai taɓa biyan haya ba, saboda haka rabonsa a wannan babi sifiri ne. Ɗan abin da dokar 1962 ta tanada na ɗawainiyar tashi ma ba a sake ambatonsa ba.

Kainji da Bakolori

Babban gwaji na farko shi ne madatsar Kainji, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968, ta tashi mutane fiye da 40,000 a ƙasashen Yawuri da Borgu. Da farko an gwada ba wasu ƙauyuka kuɗi su gina da kansu, aka ga kuɗin ɗakin laka da jinka, in an ƙiyasta shi bisa doka, ba ya mayar da mutum inda yake. Sai aka koma gina wa mutane sababbin garuruwa, irin su Sabuwar Busa. An soki fasalin gidajen, amma aƙalla an gane cewa abin da mutum ya rasa mazauni ne da hanyar abinci. An kuma yi sa'a yankin yana da yalwar fili, tafkin ya kawo sana'ar su.

Bakolori ba ta sami wannan sa'a ba. An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, cikin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, yankin da ya koma Jihar Zamfara a 1996. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce mai aikin, kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin, an fara a 1974 aka gama madatsar a 1978. Watau aikin ya fara ƙarƙashin dokar 1962, ya ƙare ƙarƙashin ta 1978. Tafkin ya shafe wajen hekta 8,000, aka tashi mutane kimanin 13,000, mafi yawansu daga ƙasar Maradun.

Mutane iri uku aikin ya taɓa, kuma kowane iri ya nuna wani gurbi dabam a cikin dokar.

Na farko su ne waɗanda ruwa ya ci garuruwansu. Waɗannan manoman fadama ne, masu noma damina da rani, shinkafa da rogo da albasa da rake da taba. Aka mayar da su kan tudu, wurin da ƙasarsa ba ta kama ƙafar wadda suka bari ba. A lissafin doka eka ɗaya ta fadama da eka ɗaya ta fako duk ɗaya ne, tun da dai ba ƙasar ake biya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wannan lissafi ba na manomi ba ne. Darajar fadama a cikin ƙasar take, cikin laka da danshin da kogi ke bari kowace shekara, kuma wannan shi ne ainihin abin da Henry George ya ce ba gumin mutum ba ne. Haka nan takin da aka yi shekaru ana zubawa a gonar karkara, gumi ne tsantsa, amma ba ya tsayawa a gaban mai ƙidaya kamar yadda mangwaro ke tsayawa.

Na biyu su ne manoman yankin da aka shirya wa noman ban ruwa, wanda ya haura hekta 20,000. Su ba a ce an karɓe gonakinsu har abada ba. An ce za a gyara a mayar musu. Motocin aiki suka shiga suka baje ƙasa, suka tuge itatuwa, suka shafe iyakoki, aka haƙa magudanai. Wasu suka yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba. Da aka zo mayarwa, rigima ta tashi a kan wa ke da ina, domin kunyar gona da itacen da aka san iyaka da su duk sun tafi. Dokar ta san sokewa ta dindindin, amma manomin da aka dakatar shekara uku, iyalinsa kuwa ba su dakatar da cin tuwo ba, ba shi da babi bayyananne a cikinta. Ga shi kuma kuɗin shuka da na itatuwa da aka yi alkawari sun yi ta jinkiri, manoma suna kukan cewa an tsallake sunayen masu haƙƙi an sa na waɗanda ba su da ko kunya ɗaya a wurin.

Na uku su ne mutanen da ke ƙasa da madatsar, a fadamun da ke bin gulbin. Ba wanda ya taka gonarsu, ba wanda ya soke haƙƙinsu. Ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu ce ta ragu, kifi ya ragu, kamar yadda binciken William Adams ya nuna daga baya. A idon doka ba a karɓi komai daga hannunsu ba, saboda haka ba su cikin lissafin diyya tun farko.

Tun daga ƙarshen 1979, bayan komawa mulkin farar hula, manoma suka fara tare hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsayar da shi. An yi ta zama da alkawura, Gwamnan jihar a lokacin shi ne Shehu Kangiwa, Shugaban ƙasa kuma Alhaji Shehu Shagari. A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Adadin da hukuma ta bayar na waɗanda suka mutu bai kai 30 ba. Ƙidayar da masu bincike suka yi daga baya ta kai 386. Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda suka rubuta tarihin abin dalla-dalla.

Akan danganta abin da ya faru a Bakolori da siyasar jam'iyyu ta lokacin, ko da cin amanar jami'an biya, ko da gaggawar 'yan kwangila. Duk akwai ƙamshin gaskiya. Amma a ganina, ko da an biya kowane kwabo a kan lokaci ga mai shi, da rigimar ta rage zafi ne kawai, domin abin da manoma ke nema da abin da doka ta san tana bin su ba abu ɗaya ba ne. Su suna maganar gona, takardar da ke hannun jami'i tana maganar kan dawa da gindin ɗorawa.

Abin da ya saura a hannun mai gona

Duk da haka ba za a ce mai gona ba shi da madafa ba, kuma mafi yawan abin da yake da shi kotuna ne suka fito masa da shi. Tsarin mulkin 1979 a sashe na 40, da na 1999 a sashe na 44, sun ce ba za a karɓi dukiyar mutum da tilas ba sai bisa dokar da ta tanadi biyan diyya ba tare da jinkiri ba, ta kuma ba shi damar zuwa kotu a kan haƙƙinsa da yawan abin da za a ba shi. Dokar 1978 a sashe na 47 ta hana kotu duba ko diyya ta isa, ta miƙa saɓanin ga kwamitin filaye da Gwamna da kansa ke naɗawa. A 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan hani ya ci karo da tsarin mulki.

Kotuna sun kuma tsananta a kan abu biyu. Ɗaya shi ne sanarwa, watau lalle ne a isar wa mai haƙƙi da takardar sokewa yadda doka ta tsara, in ba haka ba sokewar ba ta inganta ba. Ɗayan shi ne manufar karɓar. Tun a 1974, a shari'ar Ereku da Gwamnan Jihar Tsakiyar Yamma, Kotun Ƙoli ta rushe karɓar wani fili a Warri da aka yi da sunan jama'a aka miƙa wa kamfani mai zaman kansa, ta kuma ƙarfafa wannan matsayi a shari'ar Osho ta 1991. Sai dai dokar 1978 ta faɗaɗa ma'anar amfanin jama'a har ya haɗa da bukatar kamfanin da Gwamnati ke da hannun jari a ciki, wannan kuwa ƙofa ce mai faɗi.

Akwai kuma wani sashe da ba a cika ambatonsa ba, na 6, wanda ya ce idan ƙaramar hukuma ta soke haƙƙin al'ada a kan gonar da mutum ke nomawa, sai ta ba shi wata gonar a madadi. Sashen bai ce komai a kan ingancin wadda za a bayar ba, kuma a wurare irin su kewayen Kano, inda ba sauran daji, ana iya tambaya daga gonar wa za a yanko ta.

Waɗannan kariya duka suna amfanar wanda yake da takarda, da lauya, da halin jiran shari'ar da za ta iya cin shekara goma. Mai saura wadda ba shuka a kanta ranar ƙidaya ba shi da abin nunawa. Wanda ke noma gonar aro, da matar da ke tsintar ɗorawa da kaɗanya, da makiyayin da burtalinsa da mashayarsa suka faɗa cikin aikin, da masuncin da ruwansa ya canja, kowannensu yana da haƙƙin da al'ada ta sani, amma da wuya sunansa ya hau takardar biya.

Gyaran dokar kuwa ba shi da sauƙi, domin sojoji kafin su sauka sun ɗaure ta a jikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita haka a sashe na 315 na tsarin 1999. Ba a taɓa ta sai da yardar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da kuma amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, alhali Gwamnonin jihohin su ne waɗanda dokar ta fi ba iko. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa da ƙudurin gyara, amma ƙudurin bai zama doka ba, sashe na 29 kuma ya ci gaba da zama yadda aka rubuta shi a 1978.